Yadda za ka gane lokacin da ƙwaƙwalwarka ke yi maka hasashe

Ƙwaƙwalwar mutum baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke kashewa, tana kuma ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Duk da haka, bayanin da ido da kunne ke aika mata ba ya zuwa a cike, don haka sai ta cika gibin da abin da ta saba da shi. Tun a shekarar 1867 masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya bayyana gani a matsayin hasashen da ake yi ba tare da an sani ba. Matsalar ita ce, ƙwaƙwalwa ba ta sanar da kai wane ɓangare ta gani, wane kuma ta ƙirƙira. Dukansu suna zuwa maka da tabbaci iri ɗaya.

Ka fara da gwada wannan da idonka, domin wanda bai gani ba da wuya ya yarda. Ɗauki farar takarda, ka zana ƙaramin gicciye a hagu da baƙin ɗigo a dama, tsakaninsu santimita 8. Rufe idonka na hagu, ka kafe na dama a kan gicciyen, sannan ka riƙa jawo takardar a hankali daga tsawon hannu zuwa fuskarka. Idan ta zo wajen santimita 30, ɗigon zai ɓace. A lokacin hoton ɗigon ya faɗa ne a kan makahon wurin ido, wato inda jijiyar gani ke fita daga bayan ido, wurin da babu ƙwayoyin karɓar haske, kuma Bafaranshe Edme Mariotte ne ya gano shi a ƙarni na 17. Ka lura da abin da ya maye gurbin ɗigon: ba rami za ka gani ba, farar takarda za ka gani. Idan kuma ka zana dogon layi mai ɗan yanki a tsakiya, ka saita yankin a wannan wuri, layin zai haɗe kamar ba a taɓa yanke shi ba.

Bayan haka sai ka rage dogaro da cewa "da abin ya faru, ai da na gani". A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane bidiyon masu jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan masu fararen riguna. Ana cikin haka wata mata sanye da kayan goggon biri ta ratsa tsakiyar fili, har ta daki ƙirji, amma kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba. Saboda haka, aikin da kuskure a cikinsa ke da tsada, kamar duba yarjejeniya ko lissafi, ka bi shi fiye da sau ɗaya, kowane zagaye da abu guda da kake nema.

Sha'anin tunawa ya fi wannan haɗari, a ganina, domin a kansa ake yin rantsuwa, a kansa kuma zumunci ke lalacewa. Ƙwaƙwalwa ba ajiye abin da ya faru take yi ta ɗauko shi yadda yake ba. Duk lokacin da ka tuna, sake gina shi take yi, kuma abin da ka ji daga baya yana iya shiga cikin ginin. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya da lafazin cewa motocin sun ragargaji juna sun ƙiyasta gudu mafi yawa, bayan mako guda kuma da yawansu suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Maganin wannan ba shi da wuya: duk maganar da za ta iya zama abin jayayya, ka rubuta ta a ranar da aka yi ta, kafin ka tattauna da kowa. Idan kai ne mai tambayar shaida, ka ce masa "me ka gani?", kada ka sa masa amsa a baki.

Wajen yanke hukunci, ka yi hattara da adadin da ya fara shiga kunnenka. Amos Tversky da Daniel Kahneman sun juya wata ƙafar caca da aka shirya ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan suka tambayi mutane kashi nawa na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 sun ce wajen 25, waɗanda suka ga 65 suka ce wajen 45, ko da yake a gabansu aka juya ƙafar. Don haka kafin ciniki ko ƙiyasi, ka rubuta naka adadin da dalilinsa tun ba ka ji na wani ba. Haka kuma idan ka gamsu da wani ra'ayi, ka tambayi kanka wace hujja ce za ta rushe shi, ka je ka neme ta da gangan, domin hankali ya fi son tattara abin da ke goyon bayansa.

Fushi da tsoro suna da tasu hanyar. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala yana tayar da jiki kafin sashen goshi, mai auna sakamako, ya gama nazari, shi ya sa bugun zuciya ke rigan tunani. Binciken Matthew Lieberman na 2007 ya nuna cewa ambaton sunan yanayin da ake gani yana rage motsin amigdala. Ka ce a ranka "fushi nake ji", ka jinkirta amsar saƙon ko hukuncin zuwa gobe, musamman idan ba ka yi isasshen barci ba.

Sanin duk wannan ba ya canza hali shi kaɗai, kamar yadda sanin makahon wurin ido bai hana ɗigon ɓacewa ba. Abin da ke aiki shi ne ɗaura sabon hali a kan wata alama takamaimiya, dabarar da Peter Gollwitzer ya yi nazari a kanta: "idan aka kawo mini takarda in sa hannu, zan karanta ta sau biyu tukuna". Ka zaɓi guda ɗaya, ka maimaita shi a yanayi iri ɗaya, kuma kada ka yi gaggawa. A binciken Phillippa Lally a Landan, matsakaicin lokacin da sabon hali ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu sun samu cikin kwana 18, wasu kuma aka ƙiyasta sai sun kai 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe aikin ba.