Kurakuran da ke ɓata gwajin ruwan baya a lokacin sanƙarau

Da hunturu ya ja jiki, zafin bazara ya kankama a Zariya, mu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje mun san kwalaben ruwan baya, wato ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka wanda ake ɗiba da allura ta baya, sun kusa fara shigowa. Ɗan ruwa ne, wani lokaci bai cika cokali ba, amma shi ke faɗa wa likita ko sanƙarau ne, da irin ƙwayar da ta kawo shi. Abin da ke ci mini rai shi ne a sha wahala kafin a samo shi, sannan a ɓata shi tun bai iso teburin gwaji ba.

Kuskuren farko daga gida yake fitowa: iyaye su hana a ɗiba, wai allurar baya na gurgunta yaro. Allurar a ƙugu take shiga, ƙasa da inda laka ta ƙare. Jikin babban mutum yana samar da kusan mililita 500 na ruwan nan a kullum, abin da ake ɗiba kuwa 'yan mililita ne. Kurumta da shanyewar jiki da ake gani daga baya, cutar ce ke jawo su. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 sun san yawan yaran da ta bari ba sa ji. In akwai dalilin dakatawa, kamar alamar kumburi a ƙwaƙwalwa, likita ne zai faɗa.

Sai ɓoye maganin kemis. Yaro ya kwana biyu ana yi masa allura a unguwa, a zo asibiti a ce bai sha komai ba. Allurar ceftriaxone, maganin kashe bakteriya, na iya kashe meningococcus, ƙwayar da ke kawo annobar sanƙarau, a cikin ruwan cikin awa biyu, sai mu shuka ruwan, wato mu raine shi don ƙwayar ta yi yawa a gane ta, ba abin da ya tsiro, a ɗauka lafiya lau. Ku zo da kwalin maganin, ku faɗi ranar da aka fara. Likita ma kada ya jinkirta magani don jiran ɗiba: a ɗebi jini don shuka, a fara allura nan take.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne firji, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. An saba fitsari da wasu samfura ana adana su a sanyi, sai ma'aikacin dare ya ɗauki ruwan baya ya saka shi can har gari ya waye. Meningococcus da pneumococcus da Haemophilus, bakteriyar da ke kawo sanƙarau, ba sa jure sanyi, mutuwa suke yi. A bar kwalbar a yanayin ɗaki, kada rana ta doke ta, a miƙa ta hannu da hannu cikin awa ɗaya. Jinkiri ma ɓarna ne: fararen ƙwayoyin jini da ke ciki narkewa suke fara yi, bayan awa biyu kusan rabin masu nuna bakteriya sun tafi, ƙidaya ta fito ƙasa da gaskiya. In daga ƙauye za a kawo shi har asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, a zuba a kwalbar Trans-Isolate, wadda aka yi don doguwar tafiya. Ita ma in an zuba, ba ta komawa firji.

Ana yawan manta auna sukarin jini a daidai lokacin ɗiba. Sukarin ruwan baya shi kaɗai ba ya magana. A mai lafiya yakan kai kusan kashi 60 cikin 100 na sukarin jini. In ya faɗi ƙasa da kashi 40 cikin 100, bakteriya ake zargi.

Kuma kada a ɗaga kwalba a ga ruwa garau a ce an tsira. Mai kama da ruwan tsarin shinkafa ya riga ya tona kansa, amma sanƙarau na tarin fuka da na bairos sukan zo da ruwa fes, haka na cryptococcus, wani naman gwari da ke kama masu cutar da ke karya garkuwar jiki. Ruwan mai lafiya ba ya wuce fararen ƙwayoyi 5 a maikirolita (kashi ɗaya cikin dubu na mililita), wannan kuwa sai da madubin gwaji. In tarin fuka ake zargi, a rubuta a takarda, a turo ruwa da ɗan yawa don GeneXpert, gwajin na'ura mai gano ƙwayar tarin fuka, tare da shekarun majinyaci da lokacin da aka ɗiba.