Kurakuran da aka fi yi wajen jera fitilu a ɗakin noma

Mafi yawan masu shirya ɗakin noma na cikin gida, fitila suke fara saya. Mutum ya ga talla a intanet, ko ɗan kasuwa ya nuna masa kwali an rubuta 1000W ɓaro-ɓaro, ya biya, sai kaya sun iso sannan ya fara tunanin inda zai rataye ta da abin da zai shuka a ƙarƙashinta. Ai kuwa fitila ce ya kamata ta zo ƙarshe. Ka fara sanin me za ka shuka, faɗin wurin nawa ne, awa nawa kake da tabbacin wuta, sannan lissafi ya gaya maka fitilar da za ka nema.

Lambar wat ɗin nan da ake ruɗin mutane da ita, wutar da fitila ke sha take nunawa, ba hasken da take bayarwa ba. Kuma sau da yawa ko a kan wutar ma kwalin bai faɗi gaskiya ba: akwai fitilun LED masu araha da aka rubuta musu 1000W, in ka jona su a mitar awo sai ka ga wat 100 zuwa 150 suke ja. Wasu kuma lumen suke dubawa, wato ma'aunin hasken da fitila ke fitarwa, shi ma bai fitar da su ba, don an gina ma'aunin ne a kan idon ɗan Adam, wanda ya fi ganin haske mai ruwan kore. Shuka tana cin hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 a ma'aunin tsawon zangon haske, kuma abin da ya dame ta shi ne yawan wanda ya sauka a kan ganyenta. Ma'aunin wannan shi ake kira PPFD, wato maikromol (ma'aunin yawan ƙwayoyin haske) nawa ke sauka a murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Mai sayar da fitilar da ya kasa nuna maka wannan lamba, da tazarar da aka auna ta, ka bar masa kayansa.

Daga nan sai kuskuren mantawa da lokaci. Ƙarfin haske kamar ƙarfin ruwan famfo ne, ita kuwa shuka cikar jarkarta take jira, kuma cikar ta danganta da tsawon lokacin da famfon ya yi a buɗe. Jimillar hasken yini guda ita ce DLI, kuma lissafinta ba wuya: PPFD sau awannin da fitila ta yi a kunne, sau 0.0036. Amsar da mol take fitowa, wato maikromol miliyan ɗaya. Latas yana son mol 12 zuwa 17 a yini. In ka ba shi maikromol 250 na awa 16, ya sami 14.4, ya ƙoshi. In wuta ta tsaya awa 8 kacal, 7.2 ya samu, rabin abincinsa ke nan, komai tsadar fitilar.

Bari mu auna da kantar jera kaya guda, mai tsawon mita 1.2 da faɗin santimita 60, irin wadda ake ɗora tiren reno a kai. Faɗin filinta murabba'in mita 0.72 ne. Sau 250 ya ba ka maikromol 180 da dole su sauka a kan ganye kowace daƙiƙa. Ba duk hasken da ya fito ne ke sauka a tire ba, wani gefe yake tsiyayewa. Ka ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu zai salwanta, sai ka nemi 240. LED mai kyau tana ba da kamar maikromol 2.4 a kowane wat, mafi inganci ma su kusanci 3. Raba 240 da 2.4: wat 100 na gaskiya ke nan ga hawa ɗaya na kantar. Da a ce ka fara da wannan lissafin, da ba ka tsaya kallon kwali ba.

To amma wat 100 ɗin nan, a dunƙule ko a warwatse? A nan ne aka fi yin ɓarna. Mutane suna son fitila ɗaya ƙatuwa a tsakiya, don ta fi sauƙin ratayewa kuma ta fi cika ido. Bayan mako biyu sai tiren da kansa ya ba ka labari. Shukar tsakiya ta yi gajarta, ganyenta ya koɗe, wani gefensa ya ƙone. Ta bakin tire kuwa ta yi zaƙo-zaƙo, kara siriri, duk ta karkace tana leƙen tsakiya, in ka yi ban ruwa da ɗan ƙarfi sai ta kwanta. Iri ɗaya, rana ɗaya aka shuka, amma ranar dashe rabin tiren ne kawai zai yi amfani. Gyaran shi ne a raba hasken: dogayen fitilu huɗu masu wat 25, a shimfiɗe su bisa tsawon kantar. Kuma kada a cure su a tsakiya. Tsakiya tana samun haske daga dama da hagu, baki kuwa daga gefe ɗaya yake samu, saboda haka na waje biyun a matso da su kusa da baki, kamar santimita 7 daga gefe, sauran biyun su raba abin da ya rage. Haka in ɗaki ne gaba ɗaya ake haskawa daga sama: layin da ke jikin bango ya fi bukatar kulawa, kuma hasken kowace fitila ya riƙa shiga na maƙwabciyarta, kada a bar rata mai duhu a tsakaninsu.

Tsayi ma haka. Fitila ƙarama guda, in ka ninka tazararta da ganye, hasken yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Dogayen fitilu a jere ba sa raguwa da sauri haka, amma suna raguwa. In an sauko da su sosai, sai haske ya yi layi-layi, ƙarƙashin kowace fitila tas, tsakaninsu dishi-dishi. In an ɗaga su da yawa, bango da ƙasa ake haskawa. A kantar da muka auna, santimita 20 zuwa 30 daga saman ganye wuri ne mai kyau na farawa. Ka lura, daga saman ganye, ba daga tire ba. Shuka tana girma, don haka fitilar da aka ɗaure da waya ƙam ba ta motsi, ranar farko ce kawai take daidai. Sarƙa da ƙugiya sun isa su warware wannan.

Kusan ba wanda ke aunawa, sai dai a leƙa ɗaki a ce ai ya yi haske. Ido ba abin dogaro ba ne a nan, don yana sabawa da duk hasken da ya tarar. Na'urar auna PPFD tana da tsada, amma ƙaramar mitar luks mai auna haske yadda ido ke ganinsa, ko manhajar waya in babu, tana nuna maka inda aka cuci shuka. A farar LED, ka raba lambar luks da 70 ka sami kusan PPFD, wato 250 ɗin nan luks 17,000 ne da ɗoriya. Auna wuri tara daidai tsayin ganye: kusurwa huɗu, tsakiyar kowane gefe, da tsakiyar tire. Ni dai in kusurwa ta gaza kashi 70 cikin 100 na matsakaicin sauran, gyara jeri nake ba da shawara, ba ƙaro fitila ba. Wannan dabarar ba ta aiki a fitilu masu ja da shuɗi.

Su waɗannan masu hasken shunayya, ba cewa ba sa raya shuka ba ne. Matsalar ita ce kai ba ka ganin abin da kake nomawa: ganye ya fara rawaya, farin ƙuda ya sauka, duk ba za ka gane ba sai abu ya yi nisa. Zancen cewa shuka ba ta amfani da koren haske ma ba haka yake ba. Awon da masanin kimiyya Keith McCree ya wallafa a 1972 ya nuna tana ci, ƙasa kaɗan da ja.

Bango a shafa masa farin fenti marar sheƙi don ya mayar da haske kan shuka, shi ke nan. Madubi da takardar alminiyom da ta yamutse tara haske suke yi wuri guda.

Kada kuma a haɗa kowa da kowa a ƙarƙashin haske ɗaya. Irin da ya tsiro jiya maikromol 100 zuwa 200 sun ishe shi, tumatir mai 'ya'ya kuwa mol 20 zuwa 30 yake nema a yini, kusan ninkin latas, wato wajen wat 240 a kowane murabba'in mita na awa 16. A ƙasar da ranar tsaka ke zuba kusan maikromol 2,000 kyauta, daga Kano har Maradi, ban ga hikimar sayen wuta don nunar da tumatir a ɗaki ba. Renon irin tumatir, tattasai da attaruhu kafin dashe, ko latas a lokacin da zafi ya hana shi a waje, nan ne ɗaki ke biyan kuɗinsa.

Zafin nan ma da fitila yake tafe. Ana cewa LED ba ta zafi, alhali duk wat ɗin da ya shiga ɗaki rufaffe, zafi yake komawa a ƙarshe. Kanta mai hawa huɗu wat 400 ce. Kanta biyar wat 2,000, kusan BTU 6,800 a awa a ma'aunin zafi, yayin da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya take ɗaukar wajen 9,000, ba a ma sa zafin Afrilu da ke ratso kwano a lissafi ba. Latas ya fi son digiri 18 zuwa 24. In zafi ya yi yawa sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Kuma haske mai ƙarfi in ba iska, sai bakin ƙananan ganyen ciki ya ƙone don sinadarin kalsiyam bai kai gare su ba. Mai ƙara fitila don ya ga girma da sauri, bai ƙara fanka ba, an gudu ba a tsira ba. A bar sarari tsakanin fitila da hawan da ke samanta, a sa ƙaramar fanka kowane hawa, akwatin wutar fitilun kuma in da hali a fitar da shi waje.

Wat 400 na awa 16 kilowat-awa 6.4 ne kullum. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4, kuma in na ruwa ne rabi kawai ake ja in ana son ya daɗe, wato awa uku kacal zai riƙe kanta ɗaya mai hawa huɗu. Shi ya sa mai sola gara ya daidaita yinin shukarsa da yinin waje, batir ya cike safiya da yamma. In awa 12 kawai za ka iya, sai ka ɗaga ƙarfin zuwa wajen maikromol 330 don jimillar ta fito daidai. Wanda kuma ya sami wuta ya bar fitila awa 24 don ya rama bashi, tumatir ba ya jure haka, ganyensa rawaya yake yi. A sa agogon kashe wuta, dare ya zama dare.

Soket da mahaɗar waya su kasance sama da inda ruwa ke kaiwa, ba a ƙasa kusa da bokiti ba, kuma fitilar da za ta zauna saman tire a nemi mai lambar IP65, alamar tana jure ƙura da feshin ruwa. In hunturu ya shigo, ƙura tana kwanciya a fuskar fitila tana rage haske a hankali yadda ido ba zai kama ba. A kashe, a goge da tsumma mai ɗan danshi, sannan a sake auna wuraren nan tara a gwada da lambobin farko.