Yadda ake haɗa sifika da yawa a amfilifaya ɗaya

Kashe wuta tukuna, ka duba bayan amfilifaya ka ga ohm nawa take ɗauka (ohm shi ne ma'aunin yadda sifika ke turje wa wutar lantarki), galibi 4 zuwa 8 ne. Sifika biyu masu ohm 8, in ka haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa a mafita ɗaya, sun koma ohm 4. Babu laifi. Amma ka ƙara ta uku, ohm ɗin ya sauka ƙasa da 3, amfilifaya ta yi zafi, wani lokaci har ta ƙone.

In dole sai huɗu, jera su biyu-biyu: baƙar ta farko ta shiga jar ta biyu, sannan ka haɗa jerin biyun a mafita ɗaya, ja da ja, baƙa da baƙa, ka dawo ohm 8. Kada ka juya waya a ko ɗaya, bes, wato sauti mai kauri, zai ɓace, sautin ya sirance.