Jaka goma ba ta sayen ƙosai: kuɗin hannu, kati da waya ga baƙon Garwa

Kusan duk wanda ya sauka wurina daga Kano ko Yola ko Maiduguri, bayan an sha ruwa an gaisa, tambayarsa ɗaya ce: “Yaya, katina zai yi aiki a nan?” Amsar da nake bayarwa ba ta canzawa. Zai yi, amma ba a inda kake zato ba. A Garwa da Marwa da Ngaundere, nan arewacin Kamaru, aikin kati shi ne ya fito maka da kuɗi daga na’urar banki. Sayayya kuwa ta tsabar kuɗi ce, sai kuma waya da ke biye mata.

Ba na ganin laifin masu tambayar. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutanenmu suka saba da taransifa, mai shayi ma yana da lambar asusu manne a teburinsa, mai POS kuma yana kowane lungu. Wani ƙanena ya zo da wannan sabon, muka shiga babbar kasuwa ya zaɓi atamfa turmi uku, aka gama ciniki, ya zaro kati. Hajiyar da ke shagon ta dubi katin, ta dube ni, ta ce, “Malam, ɗan naka katin asibiti yake nuna mini?” Ni na biya, ya biya ni bayan kwana biyu.

Ka fara sanin kuɗin da kansa. Sefar da ake kashewa a nan ta babban bankin BEAC ce mai hedikwata a Yawunde, kuma ƙasashe shida ke amfani da ita: Kamaru, Cadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. A ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, don haka ba ta hawa da saukar da ka saba gani ga naira. ’Yan’uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku lura da kyau: sefarku ta BCEAO ce, babban bankin Afirka ta Yamma, darajarsu ɗaya da tamu a lissafi, amma takardun daban, kuma mai shago a nan ba zai karɓa ba. Sai an kai wa ’yan canji, su kuma sun cire ladansu. Takardun nan biyar ne, 500, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000. Za ka ga iri biyu suna yawo tare, tsofaffi da sababbin da aka fitar a Disambar 2022, duka ana karɓa.

Sai ƙirga, inda baƙo ya fi shan kunya. Hausawan wannan yanki da dala suke lissafin ƙananan kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Mai goro ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi. Dala ɗari sefa 500 ke nan. Dubu ɗaya ita ce jaka, Fulani su ce boro. Ka haye Cadi ka tarar da wannan lissafin da Larabci, can riyal suke cewa, shi ma sefa biyar. To ka ga wanda aka ce wa “ɗari” ya miƙa sefa 100, sai a ɗauka raini ne, alhali rashin sani ne. A makonninka na farko kada ka ji nauyin cewa, “Baba, ɗari ta dala ko ta faransanci?” Ko kuma ka ce a rubuta maka a waya. Ni kaina na fi wata ina ninkawa da biyar a zuci kafin bakina ya saba, kuma har yau idan lissafi ya wuce jaka biyar nakan koma faransanci don kada in cuci kaina.

Babbar wahalar tsabar kuɗi a nan ita ce canji. Na’urar banki ta fi son ba ka takardun jaka goma da jaka biyar, rayuwar yau da kullum kuma ta sulalla ce: ɗan acaba, wanda a nan ake kira kilando, mai ƙosai, mai ruwan sanyi, mai facin taya. Ka miƙa wa mai ƙosai jaka goma da sassafe, ko dai ta hana ka ƙosan, ko ta tura yaro neman canji ka tsaya har rana ta yi zafi. Sulalla sun daɗe suna ƙaranci, shi ya sa mai kanti kan cika maka ragowar sefa 25 ko 50 da alewa ko ashana ko dunƙulen magi. Ba wayo ba ne, babu ne. Dabarar ita ce ka fasa babbar takarda inda kuɗi ke shiga da yawa, gidan mai, kantin magani, ko wurin ’yan sari, ka adana ƙananan kamar gwal. Idan mai shago ya tambaye ka ko kana da canji, kuma abin da ka saya ya kai a fasa maka, ba dole ba ne ka zazzage aljihunka. Ka kuma duba duk takardar da aka ba ka. Wadda ta yage ko aka liƙe da salatif, ka mayar nan take cikin fara’a, domin gaba kai za a mayar wa.

Kati fa? Ka zo da shi, amma kafin ka baro gida ka shiga bankinka ka tambayi abu biyu: shin an buɗe shi don aiki a ƙasar waje, kuma nawa ne iyakarsa. Bankunan Najeriya sun sha rufe katin naira a waje su sake buɗewa da ƙa’idoji, saboda haka labarin wanda ya zo bara ba hujja ba ne gare ka. Visa ko Mastercard ne na’urorin nan suka sani. Akwai bankunan da idonka ya saba da su kamar UBA da Ecobank, akwai na gida irin su Afriland da BICEC, amma reshen da ke nan banki ne na Kamaru, asusunka na Kano ba ya cikin littafinsu. Kowace cira da ladanta, ga kuma farashin canjin da bankinka zai yanka maka, don haka cira ɗaya mai kauri ta fi biyar ƙanana. Ka guji ƙarshen wata in kana da hali, lokacin da albashin ma’aikata ya shiga, layi kan yi tsawo kuma na’ura kan ƙare. Manyan otal da ’yan kantunan zamani suna da na’urar karɓar kati, sai dai ranar da intanet ta ɗauke, na’urar ado ce. Na taɓa kwana a wani masauki da niyyar biya da kati, gari ya waye ba sabis, sai da na bar jakar kayana jingina na hau kilando neman banki.

Abin da zai maye maka gurbin taransifar da ka baro shi ne asusun waya. A Kamaru Orange Money ne da MoMo na MTN. Da fasfo ko katin shaida za a yi maka rajistar layi, kuma ka nace a yi da sunanka. Layin da aka saya a bakin titi da sunan wani, ranar da ya toshe da kuɗinka a ciki ba ka da bakin magana. Ba sai da babbar waya ba: #150# na Orange, *126# na MTN. Rumfunansu suna ko’ina, ka ba da tsaba a zuba maka, ka cire inda ka ga dama. Zubawa ba ta da tsada, cirewa ce ke da lada, kuma tun Janairun 2022 gwamnati ta ɗora harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan turawa da cirewa. Shi ya sa idan ka ce za ka biya ɗan kasuwa ta waya, zai ce ka haɗa da kuɗin cira. Ku daidaita wannan tun kafin a ɗaure kaya. Ni ina ganin wayar ta fi dacewa da kuɗin haya, kuɗin makaranta, da biyan sari mai nauyi, musamman in za ka yi doguwar tafiya, misali jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere zuwa Yawunde, inda ba ka son kwana da dami a ƙugu. Ga shi saƙon biyan yana zama shaida idan mai gida ya manta.

’Yan damfara ma sun san baƙo. Za a turo maka saƙo kamar kuɗi ya shigo, a kira ka da murya mai ban tausayi a ce kuskure aka yi, ka mayar. Ko a ce daga kamfani ne, ka faɗi lambar sirrinka. Ka kashe wayar, ka duba asusunka da hannunka.

Idan tafiyarka ta Njamena ce, daga Kusuri gada kawai za ka haye, kuma takardun da ke aljihunka su ne dai ake kashewa a can, ba canji ba lada. Wayar ce ke tsayawa a bakin kogi, domin Cadi Airtel Money da Moov Money take amfani da su. Ka cire abin da zai ishe ka tun a Kusuri, ka roƙi mai rumfar ya haɗa maka da ’yan 500 da jaka-jaka. Idan ya ce babu, ka sayi katin waya na dala ɗari a hannunsa, sau da yawa sai ka ga sun fito daga ƙarƙashin teburi.