Kurakuran da sababbin zuwa Kanada ke yi da gilashin mota lokacin sanyi

Duk shekara da Nuwamba ta kama, sai 'yan'uwanmu da suka zo Winnipeg karatu ko aiki su fara kira: gilashi ya tsage, waifa ta tsaya, ruwan wanke gilashi ya ƙi fitowa. Na gaji da maimaita magana ɗaya. Hunturun gida ƙura ce da tsagewar leɓe, amma nan cikin Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili.

Na farko, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne ruwan zafi. Mutum ya makara, ya fito ya tarar ƙanƙara ta lulluɓe gilashin gaba, sai ya koma ya ɗauko buta. Haba ɗan'uwa! Inda ruwan ya taɓa zai buɗe nan take, gefensa kuma yana nan a sandare, to ina gilashi zai jure wannan ja-in-ja? Ko bai fashe ba, ruwan zai gangara ya daskare a kan waifa, ka ƙara wa kanka aiki. Ni ma haka ta ci ni. Akwai wani ɗan tabo da tsakuwa ta yi mini tun bazara, na raina shi, ina zuba ruwan na ji ƙas, tsaga ta tashi daga tabon ta ratsa har gefen fasinja. Tabon da za a cike da ɗan kuɗi kaɗan ya ja mini sayen sabon gilashi ɗungurungum. Don haka duk tabon da ka gani, kai shi a cike tun Oktoba. Da safe kuma ka tada mota, ka juya iska zuwa gilashi, ka bar hita ta ɗumama shi a hankali, sannan ka kankare da abin kankara na roba. Ban da wuƙa, ban da cokali.

Na biyu shi ne ruwan wanke gilashi. A gida mun saba ɗura ruwan famfo da ɗan omo. Wallahi idan ka yi haka a nan, ka ɗaura wa kanka wahala. Ruwa yana daskarewa a sifili, kuma idan ya daskare kumbura yake, yana iya fasa tankin ko ya kashe famfonsa. Wannan ma da sauƙi. Kana kan babbar hanya, tirela ta watso maka taɓo mai haɗe da gishiri da yashin da ake zubawa a titi, ka ja maɓalli, babu ko ɗigo, waifa ta shafe maka gilashin fari fat kana cikin gudu da iyali a baya. Wace irin rowa ce wannan, a kan jarka ɗaya? Sayi jarkar ruwan wanke gilashi wadda aka rubuta -40 ko -45 a jikinta, wato ruwanta ba ya daskarewa sai sanyi ya kai haka. Ni ba na zuba ta a kan ragowar ruwan bazara, don yana tsinka ta. Sai na fesar da tsohon tas tukuna. Wasu sun ce ɓarna ce, ni dai haka nake yi, kuma kullum akwai wata jarkar a but.

Kashe waifa kafin ka kashe mota, in ba haka ba da safe za ta yunƙura tana manne, robar ta yage ko fis ya ƙone. In taga ta ƙi sauka, daina danna ta. Gilashin baya kada ka kankare shi ta ciki, siraran layukan nan su ne hitarsa.

In gilashi yana gumi ta ciki, kashe maɓallin da ke juya iskar cikin mota, ka kunna AC tare da hita, shi ke busar da iskar. Karkaɗe dusar ƙanƙara daga takalmi kafin ka shiga, don danshinta yana ƙara gumin.

Masu kankare ɗan gurbi daidai ido su kama hanya kuwa, ku ji tsoron Allah. Ɗan sanda zai iya cin ku tara, kuma yaron da ke tsallaka titi ta gefe ba za ku gan shi ba. A share tagogi duka, da madubai, da fitilu, har da rufin, domin dusar da ke samansa da ka taka burki gilashin gaba za ta zubo.