Yadda ake gane ruwa ya gurɓata tun kifi bai mutu ba

Yawancin masu kiwon kifi a nan Garwa sai sun ga kifi ya juya ciki sama suke yarda ruwa ya ɓaci. Alhali maganin feshin auduga da ruwan sama ke wankowa cikin kogin Binuwai a Agusta da Satumba jijiyoyin kifi yake fara taɓawa. Wani lokaci ma ba ya kisa, sai dai kifi ya rage ci, ya ƙi girma.

Don gwada ruwan, nemi ƙananan karfasa 10 masu girma ɗaya. Kada ka ɗauko tarwada, ita ko ruwa lafiya lau yake sai ta hau sama ta shaƙi iska, to me za ka gane? Raba su biyar-biyar a baho biyu na ruwan rijiyar da ka amince da ita, su yi kwana biyu. In na famfo ne, ya kwana a buɗe tukuna saboda kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo. A rana ta uku ka canza wa baho ɗaya ruwa da wanda kake zargi, ɗayan kuma da na rijiya.

Sai ƙirga numfashi, nan ne ake faɗuwa. Zauna shiru gefe, kada inuwarka ta faɗa kan ruwan. Kafa ido kan murfin gefen kan kifi, ka ƙirga sau nawa yake buɗewa cikin minti ɗaya. Agogon waya ya isa, ba sai ka sayi komai ba. Ni a karon farko na ajiye baho ɗaya gindin darbejiya, ɗayan rana na dukansa. Na ga na ranar suna haki, na yi ta cewa guba ce, ashe zafi ne kawai, don ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take. Saboda haka inuwa ɗaya, lokaci ɗaya, safe da yamma, kuma ka rubuta. Lambar baho ɗaya ba ta da amfani sai an gwada ta da ta ɗan'uwansa.

Duba kuma ko suna fizga ba dalili, ko iyo a karkace, ko sun watse maimakon tafiya tare. Jefa abinci ka ga wa ya fara zuwa. Yi haka kwana 4.

In bambanci ya fito, kada ka ja ruwan nan zuwa tafkinka. Ɗebi kaɗan a kwalbar gilashi ka kai ɗakin gwaji, su ne za su faɗa maka sunan maganin.