Kurakuran da masu koyar da sana'a a Kumasi ke yi game da sabon gwajin yaran shago

In ka tambayi tela a Aboabo ko makanike a Suame Magazine yaushe yaronsa zai gama, amsar ɗaya ce: "Saura shekara guda." Da shekaru muka saba auna koyo. Yaro ya yi uku a gindin masta ko madam, a yi bikin yaye, a miƙa masa takarda. Hukumar CTVET mai kula da koyar da sana'o'i a Ghana, wadda dokar 2020 ta kafa bayan an haɗe tsofaffin hukumomi biyu, COTVET da NABPTEX, ba ruwanta da wannan lissafi. A sabon gwajin da take yi wa masu koyo, tambayarta ita ce: me hannun yaron ya iya, kuma ina shaida?

A kan shaidar nan aka fi yin tuntuɓe. Masta zai rantse cewa yarinyarsa ta ɗinka riguna sun fi ɗari, kuma gaskiya ya faɗa, amma duk suna jikin masu su, sun tafi biki. Mai gwaji ba zai bi su gida-gida ba. A tsarin yanzu an yanka kowace sana'a gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da abin da ake son gani, kuma ana tara shaidar a fayil ɗin mai koyo tun yana cikin koyo. Gyaran ba shi da tsada. A sayi fayil ga kowane yaro. Ya gama aiki, a ɗauki hoto da waya yana riƙe da shi, a rubuta kwanan wata, masta ya sa hannu. In da hali a ɗauki ɗan bidiyo yana yanka ko yana kwance birki, don hoton riga a rataye ba ya faɗin wanda ya ɗinka ta. Masu bari sai saura sati biyu su zauna su cike takardun watanni da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya, su sani mai dubawa ya ga irin wannan tun kafin nasu.

Kuskure na biyu tsohuwar al'ada ce, kuma na san ba kowane masta zai ji daɗin jinta ba. Yaro ya shekara yana aike, yana guga, yana sa maɓalli, almakashi kuwa sai shekarar ƙarshe, wai kada ya iya ya gudu. Da, wannan yaron kaɗai yake cuta. Yanzu har da sunan shagon, domin gaɓar awo da yanka za a gwada ta ita kaɗai, iya guga ba zai rufe mata asiri ba. A karɓo jerin gaɓoɓin sana'ar daga cibiyar horo, a manna a bango, a riƙa juya yara a kansu.

Su kuma masu cibiyoyin horo, nasu kuskuren na takarda ne. Rajistar kamfani daban, amincewar CTVET daban, kuma amincewar tana bin sana'a da mataki. Matakan takardar shaidar sana'a a ƙasar takwas ne, daga biyun farko na gwanintar hannu, waɗanda aka tanada musamman don irin yaran shagunanmu, har zuwa digirin dakta. Wanda aka amince masa ya koyar da ɗinki bai samu izinin gyaran gashi ba. Iyaye su tambaya kafin su biya ko sidi ɗaya. Sannan mutum ɗaya ba zai yi gwaji kuma ya tantance gwajin kansa ba: akwai mai gwaji, akwai mai tantancewa na cikin gida, akwai na waje da hukuma ke turowa, wanda zai zaro fayilolin da ya ga dama. Cibiyar da ta gyara uku ta ajiye a saman tebur tana wasa da wuta.

In an ce yaro bai kai ba tukuna a wata gaɓa, kada a yi masa faɗa a gaban abokan aiki kamar wanda ya faɗi jarrabawar makaranta. Gaɓar ce zai sake, bayan an nuna masa inda ya kauce.

Akwai wani ƙaramin abu da ke cin mutanen zango. A shago Awudu ne, a makarantar allo Abdullahi, a katin ɗan ƙasa na Ghana Card kuma wani rubutun daban. A yi rajista da abin da ke kan katin, harafi da harafi. A duba shekaru ma, don dokar yara ta 1998 ta ce koyon sana'a daga 15 ne, ko bayan an gama karatun farko.

Masta da kansa fa? Da yawa suna ganin gwaji na yara ne. Akwai hanyar da ake auna abin da mutum ya riga ya iya a ba shi takardar ƙasa ba tare da ya koma aji ba. Alhaji, shekara ashirin da ka yi kana kwance inji ita ce shaidarka, sai dai kai ma za a ce ka kawo fayil.